Sharar da muke zuba wa juna a waya

Ranar da ƙanwata ta haihu a Kaduna, mijinta ya turo hoton jaririyar tun kafin a sallame su daga asibiti. Kowa a gidanmu ya gani, ban da Inna. Da na shiga gaishe ta bayan magariba, ko gama amsa gaisuwata ba ta yi ba ta miƙo min wayarta. "Karɓi ka duba min. Tun azahar nake fama da ita. Kowa ya ga 'yar nan, ni kaɗai ce ban gani ba." Na danna hoton, ɗan da'irar nan ya yi ta juyawa, can ya tsaya. Akwai data, akwai sabis, wayar kuma lafiyarta ƙalau. Cika ta yi maƙil, har babu wurin da hoto ɗaya zai sauka.

Na zauna a kan tabarma kusa da ƙafarta na fara buɗewa. Waya ce mai gigabait 32, kuma WhatsApp kaɗai ya cinye fiye da rabi. Inna tana cikin zauren WhatsApp goma sha ɗaya: na dangin mahaifinta, na dangin mahaifiyarta, na namu dangin, na islamiyya, na adashi guda biyu, na matan unguwa, da wasu na bukukuwan da aka gama shekaru uku ko huɗu da suka wuce amma har yau ana turo abu a ciki. Da na tambaye ta, ko ɗaya ba ita ta nemi shiga ba. Zuba ta aka yi. Hotunan furanni masu "Juma'a Mubarak" sun fi ƙarfin ƙirga. Wani bidiyon wa'azi guda ɗaya na same shi sau shida, daga zaure shida. Ga tallan maganin basir, ga hoton haɗarin mota da jini face-face wanda ita kanta ta ce ba ta iya kallo, ga saƙonnin murya na minti tara tara daga mutanen da ba ta ma sani ba.

Sai na fara zaɓa da yawa da yawa ina gogewa. Na zo kan tarin saƙonnin murya, na yi musu alama duka, yatsana yana kan alamar kwandon shara, sai ta riƙe min hannu. "Tsaya. Akwai muryar Kawunka a ciki." Yayanta ne, ya rasu shekara biyu kafin nan. Saƙon ƙarshe da ya turo mata daga gadon asibiti, daƙiƙa arba'in da wani abu, yana ce mata jiki da sauƙi, ta gaishe da yara. Ta ce duk sanda kewarsa ta dame ta takan neme shi ta saurara, amma yanzu ya nutse, takan daɗe tana nema ba ta samu ba. Sai da muka bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya har bayan isha'i kafin muka same shi.

Tun daga wannan daren na daina ɗaukar cikar waya a matsayin ƙaramar matsalar da kowa zai ji da tasa. Mafi yawan tarkacen da ke cikin wayoyinmu ba mu muka tara ba, junanmu ne muka jibga wa. Kuma wurin da muke jibga shi shi ne wurin da yanzu muke ajiye abubuwan da suka fi komai daraja a rayuwarmu. Saboda haka a ganina maganar ta shafi haƙƙin da ke tsakanin mutane, irin haƙƙin maƙwabtaka. Wanda ya share gidansa ya kwaso sharar ya zuba a ƙofar maƙwabcinsa, kowa ya san sunan abin da ya yi. A waya kullum muna yin haka, har muna jiran a gode mana.

A da, kowane gida yana da inda ake adana muhimman takardu. Akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon maigida, ko adaka a ɗakin uwargida, ko wata jakar fata da ake rataye a bango. Takardar gida, takardar gona, rasit ɗin kekensa, shaidar gama firamare ta yara, duk suna nan, kuma ba a haɗa su da komai. Babu wanda zai zuba ɓawon gyaɗa a cikin akwatin. Yau akwatin ya koma cikin waya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, hatta mai kayan miya da mai shayi sun koyi karɓar tiransifa, kuma shaidar biyan kuɗi ta koma hoton rasit da ake turawa ta WhatsApp. Hoton takardar NIN yana waya. Lambar BVN tana waya. Sakamakon gwajin asibiti, takardar shiga jami'a, yarjejeniyar haya, hoton takardar fili, duk a waya, a cakuɗe da bidiyon barkwanci da hoton ankon bikin da aka manta da shi.

Na ga ranar da wannan cakuɗa ta kusa raba wasu mutane biyu masu mutunci. Wani abokina yana sayar da atamfa a Kantin Kwari. Wani ɗan kasuwa daga Maradi da suka shekara suna hulɗa ya zo ya ce akwai ragowar kuɗinsa, abokina ya ce ya tura masa tun watan azumi. Dukansu ba maƙaryata ba ne, ɗaya ne ya manta. Abokina ya zaro waya yana ta jan hotuna da babban yatsa, gumi yana tsattsafo masa, maƙwabtan shago sun fara leƙowa. "Alhaji, wallahi na tura, ka ba ni minti biyu." Minti biyu ya zama rabin awa. Ya duba a manhajar banki, ya rasa ta wane asusu ya tura cikin guda huɗu da yake da su. Baƙon ya tashi ya tafi ransa a ɓace. Sai da dare yaron shagon ya gano rasit ɗin, a tsakanin hoton wata mota da aka sa a kasuwa da wani bidiyon siyasa. An shirya daga baya, amma rabin awar nan da aka yi ana kallonsa a matsayin wanda ake tuhuma, ya ce min bai taɓa jin irinta ba a kasuwa.

Akwai kuma kuɗin da abin yake ci, wanda ba ma lissafawa saboda a hankali yake zurarewa. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Duk bidiyon da ka tura zaure mai mutum ɗari biyu, ka sa mutum ɗari biyu a gaban zaɓi: ko su kashe datarsu su ga mene ne, ko su bar shi suna zargin sun rasa wani abu muhimmi. Yawanci buɗewa ake yi, don ba ka rubuta komai a ƙasansa ba. Kai ka kashe data sau ɗaya, su sun kashe sau ɗari biyu. A cikinsu akwai ɗalibar da ta sayi ta naira ɗari biyar don ta sauke karatu, akwai tsohon da ɗansa ne ke saka masa sau ɗaya a wata. Hotuna kuwa, yadda WhatsApp yake zuwa a saite, da kansu suke sauka ko ka so ko ba ka so, sai in ka shiga ka kashe. Mutum nawa ne a cikin iyayenmu suka san akwai wurin kashewa?

Idan waya ta cika sai ta fara nauyi, ta riƙa sandarewa, kyamara ta ƙi ɗauka. Mai ita sai ya yanke hukuncin ta tsufa. Ka je kasuwar waya ta Farm Centre ko Titin Beirut a Kano ka tsaya ka saurari abin da masu kawo gyara suke faɗa, za ka ji "nauyi take yi" ba sau ɗaya ba. Wani a yi masa filashin, komai ya tafi, mai amfani da marar amfani. Wani ya sayar da ita a wulaƙance ya ci bashi ya sayi sabuwa, ya sa a tura masa duk tarkacen tsohuwar ta Xender, bayan wata shida ya dawo inda yake.

To me ya hana mu gyarawa? Na daɗe ina tunanin rashin sani ne, amma yanzu na fi karkata ga cewa kunya ce. Mu mutane ne masu kara, kuma kara abu ne mai kyau, ita ce ta riƙe gidajenmu. Sai dai a nan ta ɗaure mu. An saka ka a zaure ba a tambaye ka ba, amma kai ne kake jin nauyin fita. Ka san in ka fita daga zauren dangi za a ce ka yanke zumunci, in ka fita daga na 'yan ajinku za a ce ka samu duniya, in ka fita daga na unguwa za a ce girman kai. A da ma har sanarwa WhatsApp yake yi wa kowa cewa wane ya fita, sai a 2022 suka gyara ya zama admin kaɗai ake sanar wa. Duk da haka mutane sun gwammace su danne sautin zauren su bar shi yana ta tara saƙo dubu uku da ba a karanta ba. A shekarar ce kuma aka ɗaga adadin mutanen da zaure ɗaya zai iya ɗauka daga 256 zuwa 512, sannan zuwa 1,024. Ka ƙiyasta mutum dubu a ɗaki ɗaya, kowa yana da damar yin magana a duk lokacin da ya so, har tsakar dare.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne sunan da muka raɗa wa abin da kanmu. Zaure muka ce. Kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san zaure yana da ladabi. Ana sallama kafin a shiga. Ba a jawo mai wucewa a zaunar da shi dole. Idan manya suna maganar rasuwa, yaro ba ya katse su da labarin ƙwallo. Wanda ya gama abin da ya kawo shi yakan ce "a tashi lafiya" ya tafi, babu mai jin haushi. Idan taro ya watse, ana naɗe tabarma. Mun ɗauki sunan mun bar ladabin a baya. Zauren biki ya kamata a rufe shi bayan an kai amarya, a ce mun gode, Allah ya ba da zaman lafiya, kowa ya kama gabansa. Barin sa a buɗe shi ke jawo mai tallan turare da mai neman ƙuri'a.

Na san abin da za a ce min, kuma ban raina shi ba. Za a ce waɗannan zaurukan su ne suka haɗa dangin da suka warwatsu, daga Zinder zuwa Kumasi zuwa Jidda. Gaskiya ne. Ta zauren dangi muka ji rasuwar Kawu cikin minti biyar, har waɗanda ke nesa suka samu jana'iza. Na ga an tara kuɗin aikin tiyata a kwana biyu. Na ga an samu mai ba da jini da tsakar dare, an gano yaron da ya ɓata kafin gari ya waye. Kuma tsohuwar da ke turo hoton fure da "barka da Juma'a" ba shara take nufi ba, gaisuwa take yi da abin da ta iya, tana cewa ina nan, ina tuna ku. Ba zan taɓa son a kunyata ta ba. Amma wannan amfanin ne ma ya sa nake damuwa. Sanarwar neman jini da ta faɗo tsakanin bidiyo arba'in, a zauren da kowa ya riga ya danne sautinsa saboda hayaniya, wa zai gan ta a kan lokaci? Na san wanda bai ji rasuwar abokin karatunsa ba sai bayan sadakar uku, alhali an sanar a zauren da yake ciki. Ya daina buɗewa ne tun da daɗewa, saboda gardamar siyasa.

Sai kuma sharar da ta fi kowace haɗari, wato labarin da ba a tantance ba. Waɗanda suka yi wayo a 2014 suna tuna daren watan Agustan da aka tashe mu da kira da saƙonni cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, wai rigakafin Ebola ne. Kafin gari ya waye saƙon ya zagaye ƙasar. An kwantar da mutane a asibiti, an kuma ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2. Kowa da ya tura da kyakkyawar niyya ya tura. Shi kansa WhatsApp ya ga illar wannan ɗabi'a: bayan jita-jitar satar yara ta jawo kashe-kashe a Indiya a 2018, ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci ɗaya, ya faɗaɗa dokar zuwa duniya baki ɗaya a Janairun 2019, sannan a Afrilun 2020, lokacin korona, ya ce saƙon da aka riga aka yi ta yaɗawa wuri ɗaya tak za a iya tura shi. Mu kuwa tun kafin a ƙirƙiri waya an karantar da mu cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Amma da zarar an rubuta "don Allah ka tura wa mutum goma" ko "kada ka bari ya tsaya a wajenka", sai hannu ya riga hankali. Har da hadisan da ba su da asali, da addu'o'in da aka haɗa da barazanar cewa wanda bai tura ba zai ga masifa. Malamanmu sun sha yin magana a kai, kuma ina ganin ya kamata su ci gaba da yi a kan mumbari, don a nan ne maganar take shiga.

Kamfanonin ma suna da nasu kason. Su ribarsu tana cikin daɗewar da muke yi muna kallon waya, shi ya sa kowace manhaja take zuwa da sanarwarta a kunne, tana ƙyafta maka ido dare da rana. Wurin ajiyar da suka saba mana da shi kyauta kuma sun fara tsuke bakinsa. Google yana ba kowane asusu gigabait 15, wanda Gmail da Drive da Photos suke rabawa. Daga 1 ga Yunin 2021 ya daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka. Daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024, ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta fara cin wannan gigabait 15 ɗin. Ma'ana, bidiyon da aka jibga maka yana iya cika asusunka, kuma idan ya cika imel ba ya shigowa. Matashin da ya nemi aiki yana jiran amsa, sai a turo masa gayyatar ganawa ta koma, shi bai sani ba. Haka kuma Google ya ce daga Disambar 2023 yana iya goge asusun da aka shekara 2 ba a taɓa shi ba.

Wannan ya kawo ni ga ɓangaren da ya fi tsorata ni, wanda shi ba a ganinsa kamar yadda ake ganin tarin hotuna. Da yawanmu ba mu san sunan imel ɗinmu ba, balle kalmar sirrinsa. A shagon da aka sayi waya ko a kafe wani yaro ya buɗe, ya rubuta a guntun takarda, takardar ta bi iska. In waya ta ɓace sai a buɗe sabo. Akwai mai imel biyar, Facebook uku, layi huɗu, bai san wanne ke haɗe da wanne ba. Layin waya kuwa yanzu shi ne makullin komai. Tun Disambar 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da NIN, a Afrilun 2022 aka toshe kira a layuka sama da miliyan 70 da ba a haɗa ba. Tun 2021 ɗalibi ba ya rajistar JAMB sai da NIN, kuma lambar da ya tura saƙo da ita zuwa 55019 ita ce za ta bi shi har ya samu gurbi. Idan da layin wani mai kafe aka yi, ko da layin yayan da ya tafi Legas ya sauya lamba, ranar da ake buƙatarsa an shiga uku. Layin da ka jefar a aljihun tsohuwar riga kuma, bayan wasu watanni kamfani yana sake sayar da shi. In har yana haɗe da asusunka na banki, alat ɗinka wajen baƙo zai riƙa zuwa.

Ɓarayi sun san wannan ruɗanin sarai, a cikinsa suke kiwo. Wanda zai kira ka da muryar girmamawa ya ce shi ɗan zaurenku ne, za a yi taro ta intanet, ka karanto masa lambobi shida da aka turo maka, a zauren da ya cika da baƙin lambobi ya samo lambarka. Da ka karanta, WhatsApp ɗinka ya koma hannunsa, ya fara bin 'yan uwanka yana roƙon kuɗi da sunanka. Manhajojin bashi kuma, waɗanda mutane suka riƙa saukewa suna danna "na yarda" ba tare da karantawa ba, sun kwashe lambobin da ke cikin wayoyi suna tura wa surukai da iyayen gida saƙon cin mutunci. Sai da hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane daga ƙarshen Mayun 2023. An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023. Doka tana da amfani, amma ba za ta shigo wayarka ta cire manhajar da ka daina amfani da ita shekara biyu, wadda har yanzu take da izinin jin maganarka da ganin inda kake ba.

Ni abin da na koma yi ba shi da wahala, kuma daga tsaftar muhalli na aro shi. A Kano Asabar ɗin ƙarshen wata ranar shara ce, ba a fita da safe. A wannan safiyar nake zama da wayata. A cikin saitin WhatsApp akwai wurin kula da ma'ajiya da ke jero maka manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turawa, daga nan nake farawa, don a nan nauyin yake. Na kashe saukar hoto da bidiyo da kansu. Na saita cewa ba mai saka ni a zaure sai wanda lambarsa ke wayata, damar da take nan tun 2019 amma mutane ƙalilan suka san da ita. Na sa lambar sirri ta biyu mai lamba shida, wadda ko an sace lambar da aka turo ba a iya shiga sai da ita. Duk rasit ko takardar da ta shigo, a take nake tura ta zuwa hirar da na buɗe da kaina, in rubuta a ƙasa ko ta mece ce da kwanan wata, don in na nema da suna ta fito. Takardun da ba su da madadi kuma, na gida da na makaranta, suna Drive, suna kuma cikin akwati a kan takarda. Sunan imel ɗina da layin da ke haɗe da kowane banki na rubuta su a littafi, na ajiye inda matata ta sani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mun ga magadan da suka san mahaifinsu yana bin mutane bashi, shaidar tana cikin wayar da ba wanda ya iya buɗewa.

Amma tsintsiya ɗaya ba ta shara. Duk yadda na share, in zaurukan da nake ciki ba su sauya ba, kafin wata ya zagayo an sake cikawa. Shi ya sa nauyin ya fi yawa a kan admin. Admin mai gida ne, kuma yana da ikon da yawancinsu ba sa amfani da shi saboda kada a ce sun cika tsanani. Tun 2018 ana iya saita zaure ya zama admin kaɗai ke rubutu. Ana iya kunna saƙonni masu ɓacewa da kansu bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. A danginmu, bayan abin da ya faru da Inna, na je wajen Baffa, wanda shi ne babba, na durƙusa na faɗa masa. Ban tsaya a zaure na yi wa manya dokoki ba, don na san in daga bakina ta fito za a ce yaro ya yi rashin kunya. Ya saurare ni ya ce, "Ai ni ma wayar tawa haka take, na zaci tsufa ne." Shi ya yi saƙon murya da kansa. Aka raba zauren gida biyu: ɗaya na sanarwa kawai, haihuwa da aure da rashin lafiya da rasuwa, mutum uku ke rubutu a ciki, ɗaya na hira, wanda ya so ya shiga, wanda ya gaji ya fita ba tare da an bi shi da magana ba. Wasu sun ji haushi na mako biyu. Wani ɗan uwanmu ya ce an hana shi yaɗa alheri. Baffa ya ce masa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ya ci gaba da yaɗawa a zauren hira.

Wayar Inna kuwa, a daren mun fitar da ita daga zaure shida, ita da kanta take cewa wannan a bari, wannan a cire. Na kwafe muryar Kawu na sa a Drive, na tura wa kaina, na tura wa ƙanwata, na kuma sa mata tauraro a wayar don ta riƙa samunta da dannawa biyu. Na nuna mata sau uku har ta iya. Sannan muka koma kan hoton da ya kawo mu. Wannan karon ya sauka nan take. Ta kawo wayar kusa da fuskarta, ta daɗe tana kallo, ta ce hancin na gidanmu ne. Ta sa na kira mata Kaduna.